Agarar da Ta Tsinke a Tsakiyar Fili

Ƙara na fara ji kafin zafi. Tas! kamar an karya busasshen icce a bayana. Sai na ji kamar wani ya maka mini dutse a bayan ƙafar hagu, sama kaɗan da diddige. Na juya a fusace don in ga mai wannan aika-aika. Babu kowa. Ɗan wasan da ya fi kusa da ni yana can bakin layi, 'yan kallo kuwa suna bayan waya, inda jifa ba zai iso ba. Na ɗaga ƙafa zan bi ƙwallo, ƙafar ta ƙi bina. Na zube zaune a kan yashi, usur yana bakina.

Sunana Sanusi, mutumin Damagaram, amma a Arlit in ka tambayi Sanusi ba wanda zai nuna maka ƙofata. Sai ka ce Arbit, wato alƙalin wasa. Aikin da nake ci da shi tuƙin kamiyo ne, wato babbar motar kaya, ina yi wa wani ɗan kasuwa dakon kaya tsakanin Arlit da Agadas. Alƙalancin ƙwallo kuwa na Asabar da Lahadi ne, tun ina saurayi nake yinsa, kuma abin da ake ba mu bai wuce kuɗin ruwan sanyi ba. Yanzu da Allah Ya tashi kafaɗata na ga ya kamata in faɗi yadda jinyar nan ta kasance, ko wani zai ji ya tsira da ƙafarsa. Ni tawa ta dawo, amma ba duka ba.

Ran nan wasan 'yan tasha ne da 'yan kasuwa, da la'asar, cikin bazara. Da na faɗi, wani ɓangare na 'yan kallo ya kwashe da dariya. Na ji wani yana ihu, "Alhakinmu ne ya kama ka!" Ban ji haushinsa ba, na saba. Isufu, yaron da na koya wa aikin kuma yake riƙe mini tuta, ya sheƙo a guje.

"Maigida, lafiya?"

"Wa ya jefe ni?"

"Ba wanda ya jefe ka, wallahi. Ina kallonka. Kai kaɗai ka juya ka faɗi."

Na miƙa masa usur na ce ya ƙarasa wasan. Na tashi da kaina, na fita daga fili ina jan ƙafa. Wannan tashin shi ya yaudare ni, ya yaudari duk wanda ya gan ni. Tunda na taka, sai kowa ya ce ai ba karaya ba ce.

Washegari ƙafar ta kumbura, idon sawu ya ɓace, bayan diddige ya yi baƙi. Na je wata 'yar ƙaramar likita ta unguwa, wato ɗan ƙaramin asibiti. Wanda na tarar ya latsa ƙashi nan da can, ya ce ƙashi lafiya lau, targaɗe ne, ya naɗe mini bandeji ya ba ni ƙwayoyin rage zafi. Ba na ɗora masa laifi duka, domin ni ma da ya tambaye ni cewa na yi na gurɗe. Ban ba shi labarin ƙarar da na ji ba. Na ɗauka ba ta da muhimmanci.

Iyalina ba sa tare da ni. Matata Rakiya da yara suna Damagaram, tana jinyar mahaifiyata wadda shanyewar ɓarin jiki ya kwantar. Ni kaɗai nake zaune a ɗakin haya, cikin wani gida mai ɗakuna a jere, bayan filin ƙwallo. Da labari ya kai gida, yayata Mariyama ce ta fara kira. Na kwashe yadda abin ya faru na gaya mata. Ta ce, "Sanusi, kai da bakinka ka ce ka ji jifa, ka waiga ba ka ga mai jifa ba. To me kake son a gaya maka kuma? Jifa ne. Shekara nawa ina ce maka ka bar busa wa 'ya'yan mutane usur? Kowa ka kora daga fili yana da uwa."

Na yi dariya, amma da motar Damagaram ta iso da ƙunshin da ta aiko, rubutu da garin hayaƙi da wani mai a kwalba, na sha, na turara, na shafa. Mutum in yana kwance shi kaɗai ba ya raina abin da aka aiko masa daga gida.

A mako na biyu kumburin ya fara saɓewa, zafi ya ragu, amma tafiyata ta zama ta agwagwa. Ina dafa ƙafar gaba ɗaya a ƙasa, ba na iya tura jikina gaba da yatsu. Wani direba abokin aikina ya kai ni wurin wani maɗori a Akokan, nan gefen gari. Dattijon kirki ne, kuma na san mutanen da ya ɗora suka warke. Ya gasa wurin da ruwan zafi, ya murza da man shanu, sannan ya kama tafin ƙafar ya danno ta sama da ƙarfi, wai jijiya ce ta hau kan jijiya. Na ga taurari da rana tsaka. Na koma wurinsa har sau da dama. Daga baya na gane duk dannawar da yake yi ƙara raba bakin abin da ya tsinke yake yi. Shi aikinsa ƙashi ne, ni kuwa ƙashina ba abin da ya same shi.

A nan ne na fara gane wani abu game da rayuwata a garin nan. In ɗan wasa ya ji rauni, ƙungiyarsa takan yi karo-karo, abokansa su cika ɗakinsa, a dafa shayi a ƙofarsa har ya gaji da su. Alƙalin wasa ba shi da ƙungiya. Ni kuma na ƙara wa abin gishiri da kaina. Shekara da shekaru ba na zama a fadar hirar kowa, don kada a ce ina shan shayin 'yan tasha. Ba na cin abincin sunan ɗan wani mai ƙungiya, sai in yi barka a ƙofa in wuce. In an tambaye ni wa nake goyon baya, ko a wasan Turai ne, sai in ce ƙwallo nake goyon baya. Ina alfahari da hakan. An san ba a sayena. To da na kwanta sai na ga duk garin ya san ni, amma ba wanda ya san hanyar ɗakina.

Wanda ya sani shi ne maƙwabcina, Baba Agali. Tsoho ne Ba'abzine, mutumin wajen Gugaram. Fari ya cinye masa dabbobi tun da daɗewa, ya shigo gari ya kama aikin garka, yana noman tumatir da albasa da salati a bayan gari. Bai taɓa shiga filin ƙwallo ba. Shekarun da muka yi ƙofa da ƙofa, tsakaninmu gaisuwa ce kawai. Wata safiya ya gan ni ina fama da bokitin ruwa, ina ɗingishi ruwan yana zuba. Ya karɓi bokitin ya kai mini bayi. Da yamma ya dawo da 'yar butarsa da gawayi, ya zauna a bakin ƙofata ya haɗa shayi.

"Ƙafar nan, shi bai warke ba?"

"Da sauƙi, Baba."

"Kullum da sauƙi, kullum kana tafiya kamar raƙumi ya taka ƙaya."

Tun daga ranar ya mai da bakin ƙofata wurin shan shayinsa. Hausarsa ta 'yan Abzin ce, mace da namiji duk shi ne a wurinsa. In salulata ta yi ƙara ina bayi, sai ya ɗaga murya, "Arbit, matarka ya kira!"

Wajen mako na huɗu na koma aiki, domin zama ba ya biyan haya. Duk direba ya san ƙafar hagu ita ce ta ambireyaji, fedar da kake takawa kafin ka sauya giya. A babbar mota tana da tauri. Na koyi taka ta da diddige, ina turo ƙugu gaba. Na yi tafiya ɗaya lafiya. A ta biyu, ina shigowa gari da lodin siminti, wani amalanken jaki ya fito daga lungu, mace da 'ya'yanta a kai da jarkokin ruwa. Na taka birki, na kai ƙafar hagu, diddigen ya zame daga kan feda. Motar ta yi tsalle ta mutu, hancinta yana shafar jarkokin. Matar ta rungume 'ya'yanta tana dubana. Na sauko na zauna a gindin taya. Da maraice na kai wa maigidana makulli na ce ba zan ƙara hawa ba sai na ga likita na gaske.

Na kama layi tun bayan asuba a asibiti. Ga mata da jarirai, ga tsofaffin ma'aikatan ma'adini masu tari, ga waɗanda aka kawo daga daji a bayan mota. Mai ɗingishi kamar ni ba ya cikin na gaggawa, kuma gaskiya ne. Sai bayan azahar na shiga. Likitan matashi ne, ya gaji, idonsa ja. Ya ce in ba shi labari tun daga farko. Da na zo kan ƙarar nan da waigawar da na yi, ya ajiye biro.

"Tsaya a kan ƙafar hagu kaɗai, ka yi ɗage."

Na gwada. Diddigen ko motsi bai yi daga ƙasa ba.

Ya sa na kwanta rub da ciki a kan gado, ƙafafuna suna lilo. Ya matse sha-raɓar dama, tafin ƙafar ya motsa da kansa. Ya matse ta hagu. Shiru. Ya kama yatsana ya ɗora a bayan diddigen, ya ce in shafa sama. Na ji wani rami, yatsana ya nutse a inda ya kamata a ce akwai igiya mai tauri.

"Agararka ce ta tsinke," in ji shi. "Yaushe abin ya faru?"

Na gaya masa.

Ya girgiza kai. "Da a makon farko ka zo, ɗinki ne mai sauƙi, wataƙila ma ɗauri kawai. Yanzu bakin sama ya gudu, naman ya ja shi. Tsoka ba ta jiran mutum, Malam."

Wannan maganar ta zauna mini har yau. Tsoka ba ta jiran mutum. Ya rubuta mini takarda zuwa wurin likitan ƙashi a Agadas, domin a lokacin babu mai yin irin aikin a kusa.

Hanyar Agadas na san ta kamar tafin hannuna, kowane rami da inda kwalta ta ƙare. Amma ban taɓa saninta a matsayin fasinja mai ciwo ba. Kowane gargada sai na ji shi a diddige. Muka wuce mahaɗar Cirozerin rana tana faɗuwa, ina ta tunanin yadda zan gaya wa Rakiya cewa ciwon da na yi ta ce mata targaɗe ne, yanka za a yi.

A Agadas na sauka a gidan wani direba ɗan garinmu. Likitan ƙashin ya yi tafiya, aka ce in dawo mako mai zuwa. Na dawo, aka ce layin masu karaya ya yi tsawo, waɗanda motar masu haƙar zinariya ta kife da su sun riga ni. Ba zan ce an zalunce ni ba, domin na ga waɗannan mutanen da idona, nawa ciwon wasa ne a kan nasu. Amma kowace rana na kwanta ina jin kamar naman yana ƙara guduwa sama. Ga ordonansi, wato takardar magani, kowace safiya da sabuwa: zaren ɗinki, safar hannu, ruwan ƙari, allurai, duk kai za ka sayo a farmasi ka kawo a leda. Babur ɗina da na bari a Arlit, ta waya na sayar da shi. Maigidana ya aiko da abin da ya sauƙaƙa, Allah Ya saka masa. Yaya Mariyama, duk da tana nan a kan maganarta ta jifa, ta sayar da tunkiyarta ta turo.

Rakiya ta bar mahaifiyata a hannun Yaya ta iso ana gobe aikin. Ta dube ni na rame, ta dubi ƙafar, ta ce, "Abban Hadiza, da ka mutu a can ma sai ka ce mana da sauƙi." Ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gadona.

Aka yi aikin. Sun kashe mini rabin jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, ina jin maganarsu sama-sama. Daga baya likitan ya ce sai da ya yanko wani abu daga saman tsokar ya juyo da shi ƙasa ya cike gurbin, domin bakunan biyu sun ƙi haɗuwa. Aka sa mini filatir, farin ɗaurin nan mai tauri kamar siminti, daga yatsu har gwiwa, tafin ƙafar yana kallon ƙasa. Kwanakin da Rakiya ta yi tare da ni su ne masu daɗi a duk jinyar, ko da yake a lokacin ne zafi ya fi tsanani. Tana ba ni kunu da cokali kamar yaro, tana ba ni labarin wayon ƙaramar 'yarmu. Amma kafin a sallame ni aka kira cewa jikin tsohuwa ya motsa. Ta tsaya a bakin gado da jakarta, tana duban ƙasa.

"Ka zo mu tafi gida tare."

"In na tafi, wa zai riƙe mini gurbin aiki? Kuma tafiyar Damagaram da wannan ƙafar?"

"To wa zai dafa maka?"

"Akwai Baba Agali."

Ta tafi tana share hawaye da bakin mayafi. Ni kuma na koma Arlit da sanduna biyu.

Waɗannan makonnin na cikin filatir su ne ba na son tunawa. Ɗakina na kwano ne. In wuta ta ɗauke, panka ta tsaya, sai ka ji kamar an rufe ka a tanda. Gumi yana gangarawa cikin ɗaurin, ƙaiƙayi yana cinka a inda hannu ba ya kaiwa. Baba Agali yana fita garka tun da sassafe, sai ya ajiye mini ruwa da gurasa da ɗan cuku a kusa da katifa. Daga nan har la'asar ba na jin muryar kowa sai ta masu tallar ruwa. Na san kowane tsagi na bangon ɗakin. Nakan kira gida ba don ina da magana ba, sai don in ji hayaniyar yara a bayan muryar Rakiya.

Ranar Asabar da Lahadi kuwa fili yana shigowa har ɗaki. Katanga ɗaya ce da 'yar hanya tsakanina da shi. Ba na ganin komai, amma ina jin komai. Na san ihun cin ƙwallo, na san na ƙwallon da ta daki ƙarfe, na san wannan gunagunin mai kauri da ke tashi in alƙali ya yi abin da ba a so. Ina jin usur ɗin Isufu. Yana busawa da yawa, kowane ɗan karo sai ya tsai da wasa, alamar yana tsoro. Nakan sami kaina ina magana ni kaɗai, "Bar su su yi wasa, Isufu, bar su." Wata rana na ji shiru ya yi tsawo bayan busa, sannan ihu ya ɓarke ta ko'ina, na san fenariti ya bayar a ƙarshen wasa. Na jawo sanduna zan tashi, wai in je in tsaya kusa da shi kafin su rufe shi. Sai na tuna. Na koma na kwanta, ina sauraro har hayaniyar ta watse.

Isufu ya zo duba ni sau biyu. Na farko ya kawo lemo, muka yi hira. Na biyu na tsare shi da gyara, na ce ga kuskurensa ga kuskurensa, alhali ban ga wasan ba, ji kawai na yi ta katanga. Ya ce, "To, Maigida, na gode." Bai sake dawowa ba, sai gaisuwa ta waya. Masu shirya gasa su ma sun zo sau ɗaya, su da yawa, cikin manyan riguna. Suka yi addu'a, suka ɗauki hoto da ni da filatir ɗina, suka ce za a duba abin da za a yi. Har yau ana dubawa. Amma addu'arsu na karɓa, na gode.

Sauran kwanaki a salula nake bin ƙwallo, in akwai rezo, wato in layin waya ya kama. Baba Agali yakan leƙo ya ga mutane suna gudu a ɗan gilashi. Wata rana ya tambaye ni, "Wanene naka a ciki?"

Na nuna masa mai baƙar riga a tsakiya.

"Shi bai taɓa ƙwallon ba?"

"Ba ya taɓawa."

"In an ci, shi ya samu me?"

"Ba komai. Ya koma gida lafiya."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Makiyayi ne ke nan. Dabbobin ba nasa ba." Ya ci gaba da fifita gawayinsa.

Ana cikin haka na fara jin zazzaɓi da yamma, ƙafar tana bugawa kamar ana kaɗa ganga a ciki. Na ce zafin gari ne. Na sha ƙwaya na yi shiru, domin ranar da aka ba ni ta komawa asibiti ba ta yi ba, kuma aljihu ya bushe. Baba Agali ne ya shigo da shayi wata la'asar, ya tsaya, ya shaƙi iska, ya sunkuya kan filatir ɗin.

"Arbit, ƙafar nan yana wari."

"Gumi ne, Baba."

"Gumi na sani. Tashi."

Babu mota a kusa, ni kuma ba na iya hawa bayan babur. A kan amalanken da yake kai tumatir kasuwa ya ɗora ni, ya shimfiɗa mini buhu, ya ja jakin da kansa. Muka ratsa ta gaban tasha, mutanen da suka san ni da gudu a fili suna kallo. Na rufe fuska da hula. Da aka yanke filatir ɗin a asibiti, ni kaina sai da na kau da kai. Ɗinkin ya buɗe ta ƙasa, mugunya ta jiƙe audugar. Manjo, wato babban ma'aikacin jinyar da ke wankin ciwo, ya ce da na ƙara 'yan kwanaki da abin ya kai ga agarar da aka ɗinka, aikin ya tashi a banza, wataƙila ma a yi maganar ƙafar gaba ɗaya.

Daga nan kullum sai wanki. Ana cusa auduga cikin ramin, ana zuba wani jan ruwa mai raɗaɗi, ni kuma ina cije hannun rigata. Kusan wata biyu kafin bakin ya rufe. Kullum tsohon nan ne yake kai ni kafin ya wuce garka, ya dawo ya ɗauke ni. Salatinsa ya ƙone a wannan lokacin saboda rashin ban ruwa da wuri. Bai gaya mini ba, a bakin wani na ji. Da na yi masa maganar, cewa ya yi, "Salati yana sake fitowa."

Ranar da aka raba ni da ɗauri gaba ɗaya na ga abin da ya rage. Ƙafar ta zama kamar muciya, fata tana saɓulewa, idon sawu ya ƙage. Aka koya mini motsin da zan riƙa yi: jan tafin ƙafa da zane, taka ƙasa a hankali, ɗage ina dafe da bango. Na yi su safe da yamma kamar ibada. Na bar sanda biyu na koma ɗaya, na bar ɗaya na koma bin bango. Da na koma Agadas ganin ƙarshe, na tambayi likitan abin da ke cina tun farko.

"Zan koma fili?"

Ya ce, "Tafiya za ka yi, har ka manta da ita wani lokaci. Ƙaramar mota za ka tuƙa. Amma bin 'yan shekara ashirin da gudu daga raga zuwa raga, a kan yashi, wannan ka bar wa wasu."

Kamiyo ma an ba wani, kuma ban ga laifin maigidana ba, mota ba ta zama. Ya sa ni a sito ina kula da lodi da saukewa. Albashin bai kai na da ba, amma ina kwana a gari.

Saboda haka ga abin da nake roƙon duk mai gudu, ɗan wasa ne ko alƙali ko mai motsa jiki da safe, musamman wanda ya fara manyanta. In ka ji kamar an jefe ka ko an harbe ka a bayan diddige, ka waiga ba kowa, kada ka tsaya neman wanda ya yi. Gwada ɗage a kan ƙafar ita kaɗai. In ta ƙi, ko da kana iya takawa, ko da zafin ya lafa, ka nufi asibiti a ranar, kuma ka faɗa wa likita ƙarar da ka ji. Kada ka bari a murza, kada a ja. In an sa maka ɗauri ka ji zazzaɓi ko wari, kada ka jira ranar da aka rubuta maka. Ina godiya ga Allah, ina godiya ga likitocin da suka yi aiki a kaina cikin gajiya da ƙarancin kaya, da manjon da ya jure warin ciwona, da Rakiya, da Yaya. Baba Agali kuwa ba ni da bakin gode masa, kuma ko na fara sai ya tashi ya bar wurin.

Sai bayan sallar layya na iya shiga filin. Na daɗe ina kewaye ƙofar kafin in sayi tikiti, abin da ban taɓa yi ba a garin nan. Ban san inda ake zama ba. Inuwa tana ɓangaren 'yan tasha, ƙafata kuma ba ta son tsayuwa, sai na nufi can. Wani mai faci da na taɓa kora daga fili shekarun baya ya gan ni, ya matsa, ya buga benci da tafin hannu.

"Arbit! Ashe kana raye? Zauna nan."

Na zauna. Aka miƙo mini ruwa a leda. Wasan ya yi zafi, ba ci, har aka kusa tashi. Ni idona ba ya kan ƙwallo, yana kan layin 'yan baya, ba na iya hana shi. Sai aka jefo wata ƙwallo ta sama. Ɗan gaban 'yan tasha ya riga ya wuce na ƙarshen 'yan baya da taki guda kafin a bugo ta. Satar gida ce sarai. Mai tuta yana baya, bai gani ba. Isufu ma bai gani ba. Yaron ya tare da ƙirji ya zuba ta a raga.

Hannuna na dama ya tashi sama da kansa, miƙe, yadda na saba ɗaga shi in na busa satar gida. Benci ya girgiza, kowa ya miƙe yana ihu. Mai facin ya ga hannuna a sama, ya zaci murna nake yi. Ya cafke shi, ya jawo ni tsaye, ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa, yana ihu a kunnena, "Mun ci, Arbit! Mun ci!" Wani ya rungumo mu ta baya, wani ya ɗora mini hularsa a ka. Tun ranar da Rakiya ta hau mota a Agadas ba wanda ya riƙe ni haka.

Da hayaniya ta lafa ya dube ni yana haki, ya ce, "Kai da ka san aikin, tsakani da Allah, ba lafiyayyar ƙwallo ba ce?"

Na dubi fili. Isufu yana nuna tsakiya, 'yan kasuwa sun kewaye shi suna rantsuwa.

Na ce, "Alƙali ya ce ta shiga."

Ya yi dariya ya daki kafaɗata. Na gyara zama a tsakaninsu, na sauke hannuna a kan gwiwa.